Yadda Za Ki Auna Haɗarin Samun Matsala Bayan Tiyatar Sake Gina Nono

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta fuskoki daban-daban: "An ce bayan an cire nonon za a iya sake gina shi, to ni ta yaya zan san ko zan samu matsala?" Wani lokaci mai ciwon ce da kanta, wani lokaci 'yarta ce, wani lokaci mijin. Amsar da aka saba bayarwa a tsaitsaye, wai kowace tiyata da haɗarinta, gaskiya ce, sai dai ba ta tsinana wa kowa komai. Haɗarin mace mai shekara 38 da ba ta shan taba, kuma ba za a yi mata gashi ba (wato ƙona sankara da hasken na'ura, radiotherapy), ba ɗaya ba ne da na mai shekara 58 da ke fama da ciwon suga, wadda an riga an gasa mata ƙirji. Abin nan ana iya auna shi, kuma rabin awon ke ce za ki yi shi tun kafin ki zauna gaban likita.

Kafin mu shiga, ki riƙe kalmomi biyu, don duk lissafin a kansu yake. Akwai matsala, akwai kuma rushewar aiki. Matsala ita ce ruwa ya taru, ko bakin ɗinki ya buɗe, ko ƙwayoyin cuta su shiga ciwo. A yi magani, a wuce wurin. Rushewar aiki kuwa, tunda da roba ko da naman jikin mace ake gina nonon, ita ce a ciro robar da aka saka, ko naman da aka dasa ya mutu, a koma gidan jiya. Duk lokacin da aka faɗa miki wani adadi, ki tambaya: na wanne ne cikin biyun?

1. Haɗa kayan aiki

Ki nemi littafin rubutu guda ɗaya, ba tarkacen takardu ba. Ki tattara sakamakon gwajin tsokar da aka gutsura daga ƙullutun, da rahoton hotunan da aka ɗauka, da gwajin jini na baya-bayan nan. Ki auna nauyinki da tsayinki a ranar, kada ki rubuta na bara. Ki jera duk tiyatar da aka taɓa yi miki, har da ta haihuwa, kowace da shekararta. Magunguna kuwa, ki zuba su duka a jaka ɗaya da kwalayensu, don sunan magani daga ka ba abin dogaro ba ne.

Sai ki raba shafin farko gida biyu. Gefe ɗaya ki rubuta "abin da zan iya gyarawa", ɗaya gefen "abin da ba ya gyaruwa". Duk abin da matakan gaba suka fito da shi, ɗaya daga cikin gidajen nan biyu zai faɗa.

Ki kuma nemi wadda za ta riƙa raka ki tana rubutawa. Wanda aka gaya wa yana da sankara ba ya riƙe rabin abin da likita ya faɗa a zaman farko, kuma ba laifinsa ba ne.

2. Fara da maganar gashi

Idan tambaya ɗaya kawai za a ba ki damar yi, to wannan ce: za a yi mini gashin ƙirji bayan tiyata, ko an taɓa yi mini a baya? Likitan sankara ne mai wannan amsar, ba likitan da zai gina nonon ba, don haka shi za ki fara tambaya.

Dalilin shi ne gashi ba ya tsayawa kan ƙwayoyin sankara kaɗai. Yana taurara fata da naman da ke ƙarƙashinta, yana kuma lalata ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan canjin ba ya komawa yadda yake. Fatar da aka gasa ba ta miƙewa da daɗi, ba ta warkewa da wuri. Idan akwai robar silikon a ƙarƙashinta, haɗarin abubuwa uku yana ƙaruwa: shigar ƙwayoyin cuta, buɗewar ciwo har robar ta leƙo, da kuma taurin tabon da jiki ke yi wa robar kewaye. Wannan na ƙarshen shi ne yake matse robar har nono ya yi tauri, ya ɗage sama, ya riƙa ciwo. Likitoci suna auna shi da mataki huɗu da ake kira ma'aunin Baker: na 1 laushi kamar ba komai, na 4 tauri da karkacewa da ciwo. Naman jikin mutum ya fi roba jure gashi, amma shi ma yakan tsuke ko ya yi ƙulluttai masu tauri.

Wahalar ita ce sau da yawa ba a sanin tabbas ko za a yi gashin sai an cire nonon an kai shi ɗakin gwaji. Amma akwai alamu tun farko: ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko sankarar da ta kai ga kaluluwar hammata, ko ta taɓa fata ko bangon ƙirji. Ki ce wa likita ya faɗa miki ƙiri-ƙiri: kusan tabbas ne, ko wataƙila, ko da wuya? Ki rubuta kalmar da ya yi amfani da ita.

Idan amsar ta karkata ga za a yi, hanyoyin da aka saba bi uku ne. A jinkirta ginin har a gama gashi fata ta huce, galibi wata 6 zuwa 12, sannan a yi da naman jiki. Ko a saka robar wucin gadi mai buɗa fata don ta riƙe wurin, a yi gashin, daga baya a canza ta. Ko kuma a yi ginin nan take tare da sanin cewa haɗarin ya ƙaru. Babu wadda ta fi ga kowa da kowa.

*Gargaɗi:* akwai nau'in sankarar da ke sa nono ya kumbura, ya yi zafi, fatarsa ta yi ƙananan ramuka. A irin wannan ba a saba yin ginin nan take ba. Idan ita ce taki, kada ki matsa a yi.

*Gargaɗi na biyu:* yawancin robobin buɗa fata suna da ɗan maganaɗisu a wurin da ake yi musu allurar ruwa. Muddin tana jikinki, kada ki shiga injin hoton MRI sai kin faɗa an duba irinta.

3. Taba, da duk danginta

Wannan shi ne abu mafi girma a gidan "abin da zan iya gyarawa". Bayan an cire nono, fatar da aka bari siririya ce, kuma jinin da ke ciyar da ita ya ragu ƙwarai. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da suka rage, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka. Sai gefen fatar ya yi duhu, ya bushe, ya mutu, abin da ke ƙasa ya fito fili.

Ƙa'idar da yawancin likitoci ke bi ita ce a daina aƙalla mako 4 kafin tiyata, wasu su ce 6, kuma a ci gaba da ƙaurace mata haka nan bayan tiyata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dainawar kwana uku ba ta wadatarwa. Shisha da sigarin lantarki da tabar da ake tauna ko shaƙa duk suna cikin lissafi. Faci da cingam na taimakon daina taba su ma nikotin ne, sai ki tambayi likitanki matsayinsa a kansu. In kuma wani ne ke busa miki hayaƙi a ɗaki, shi ma ki rubuta.

*Gargaɗi:* kada kunya ta sa ki ɓoye. Wasu asibitoci suna gwada fitsari ko jini su ga burbushin nikotin, amma ba wannan ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne likita ya tsara aikin da fatar mai shan taba ba za ta iya ɗauka ba, don an ce masa ba a sha.

4. Nauyi, suga da ƙarfin jini

Lissafin nauyi, wanda ake kira BMI, da kanki za ki yi shi. Ki ninka tsayinki na mita da kansa, sannan ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. A ce tsayinki mita 1.62 ne, nauyinki kilo 82. Ninka 1.62 sau 1.62 ya ba da kusan 2.62. Raba 82 da 2.62, kin samu wajen 31. Daga 30 zuwa sama ana lissafa shi ƙiba, kuma daga nan haɗarin taruwar ruwa da buɗewar ɗinki da shigar ƙwayoyin cuta yake hawa. Yana ƙara hawa a 35, a 40 kuwa likitoci da yawa za su ce a jinkirta ginin.

A nan sai an yi hankali. Mai sankarar da ke jiran a cire ta ba ta da watannin rage ƙiba, kuma ba a jinkirta cire sankara don a rage kilo goma. Idan nan take za a yi ginin, nauyinki ya faɗa gidan "ba ya gyaruwa". Idan daga baya ne, ya koma ɗaya gidan. Kuma horon yunwa dab da tiyata ɓarna yake yi, don jikin da bai ƙoshi ba ba ya haɗe ciwo.

Mai ciwon suga ta nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba awon yatsa na safiya ɗaya ba. Iyakar da asibitoci ke sawa ta bambanta, amma idan ya haura 8 za ki ji ana maganar a fara daidaita shi. Mai sikila ko ƙarancin jini ta faɗa tun da wuri, don waɗannan suna iya karkatar da sakamakon gwajin.

Ƙarfin jini kuma, wato sakamakon gwajin haemoglobin, idan ya gaza 12 a wurin mace ana ɗaukarsa ƙarancin jini, kuma gyaransa yana cin makonni. Hawan jini da ba a shawo kansa ba yana ƙara yiwuwar jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki. Ciwon zuciya, na huhu, na ƙoda, da minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, duk na likitan da zai sa ki barci ne. Zai ba ki mataki a ma'aunin ASA. Lafiyayye yana mataki na 1, mai ciwon da aka shawo kansa na 2, wanda ciwon ya yi masa tsanani na 3. Ki tambayi naki ki rubuta.

5. Zazzage jakar magani gaban likita

Masu sa jini ya ƙi tsayawa su ne na farko: aspirin, warfarin, clopidogrel, da masu kashe ciwo irin ibuprofen. Sai magungunan sitiroyid da masu danne garkuwar jiki, waɗanda ke jinkirta warkewa. Tamoxifen, da ake ba masu sankarar nono da yawa, yana ƙara haɗarin daskarewar jini, shi ya sa wasu likitoci ke dakatar da shi na 'yan makonni kafin doguwar tiyatar da ake haɗa jijiyoyi. Allurar rage ƙiba irin Ozempic tana sa abinci ya daɗe a ciki, abin da ke da haɗari lokacin sa barci. Magungunan ganye da ƙwayoyin ƙarin lafiya su ma magani ne, ko da ba likita ya rubuta ba.

Idan an yi miki kemo, wato allurar maganin kashe sankara, kafin tiyata, akan bar makonni kamar 3 zuwa 6 jini ya farfaɗo. Ki rubuta ranar allurar ƙarshe.

*Gargaɗi:* kada ki dakatar da ko ɗaya da kanki. Mai shan maganin tsinka jini saboda zuciya, idan ta daina ba tsari, ta guje wa ƙaramin haɗari ta faɗa babba. Likitan da ya rubuta da wanda zai yi tiyata su za su yanke ranar dainawa da ranar komawa.

6. Abin da jikinki ya riga ya nuna

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki duba tsofaffin tabonki: sun kwanta lafiya, ko sun yi tudu suna ƙaiƙayi sun wuce iyakar ciwon? Kin taɓa yin ɗinkin da ya ruɓe ko ya ƙi haɗewa? Nono mai girma da ya zubo sosai yana barin doguwar fata da jini ke wahalar kaiwa ƙarshenta, don haka haɗarin mutuwar fata da na kan nono ya fi yawa. Yin ɓangare biyu lokaci ɗaya ya fi ɗaya haɗari, don wuraren da abu zai iya faruwa sun ninku.

Idan naman ciki za a ɗebo, tabon cikinki yana da magana. Tiyatar haihuwa galibi ba ta hanawa. Tiyatar rage teɓa da aka yanke fatar mara kuwa tana rufe wannan ƙofar, don jijiyoyin da ake buƙata an riga an yanke su. Akan yi hoton CT na jijiyoyin ciki a ga inda suke da girmansu. Mai sikila, ko wadda jininta ke da saurin daskarewa, lallai ta faɗa, saboda aikin ya dogara ne kan jijiyoyi 'yan milimita biyu ko uku da aka ɗinke a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

7. Ɗora hanyoyin biyu a kan ma'auni

Yanzu ne alƙaluma za su yi miki amfani. Wani babban bincike da aka buga a 2018 a mujallar JAMA Surgery ya bi mata sama da 2,300 a asibitoci 11 na Amurka da Kanada tsawon shekara biyu. Kusan kashi 33 cikin 100 sun samu wata matsala, wajen kashi 19 sai da aka mayar da su ɗakin tiyata saboda matsalar, amma waɗanda aikin ya rushe musu wajen kashi 5 ne. Kin ga amfanin raba kalmomin nan biyu: mace ɗaya cikin uku, da mace ɗaya cikin ashirin, ba labari ɗaya ba ne.

Abin da ya fi ba mutane mamaki a binciken shi ne wannan: masu naman jiki sun fi masu roba samun matsala, amma masu roba sun fi su rushewar aiki. Rushewa a wurin masu roba ta kai wajen kashi 7, a wurin masu naman ciki kuwa tsakanin kashi 1 da 2 take.

Idan kika duba yadda ake yin kowanne, abin ba zai ɗaure miki kai ba. Saka roba gajeren aiki ne, wuri ɗaya ake yankawa, kwanciyar asibiti kaɗan ce. Amma roba baƙuwa ce a jiki, ba ta da jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya shiga cikinta; idan ƙwayoyin suka manne mata, sau da yawa sai an ciro ta. Wani bincike na Birtaniya da aka buga a 2019, kan mata sama da 2,000 da aka saka wa roba nan take a asibitoci 81, ya gano cewa cikin wata uku kacal kashi 9 sun rasa robar, kashi 25 kuma an yi musu maganin shigar ƙwayoyin cuta.

Ginin naman jiki, irin wanda ake ɗebo fata da kitsen mara da jijiyoyinsu ana kiransa DIEP, doguwar tiyata ce ta awa 6 zuwa 8 ko fiye, kwanciyar kwana 3 zuwa 5, da jinyar mako 6 zuwa 8. Ciwo biyu ne za su warke, ƙirji da ciki. Bangon ciki yana iya yin rauni ya turo. Wani ɓangare na kitsen yana iya mutuwa ya zama ƙullutu mai tauri, wanda ke tsorata mace ta zaci sankara ce ta dawo. Amma idan ya wuce kwanakin farko lafiya, naki ne har abada, ba a canza shi. Ana kuma ɗebowa daga gadon baya, ko cinya, ko mazaunai, kowanne da nasa tabon da nasa raunin.

A ganina, ga yadda ya kamata ki karanta shafinki. Idan gidajenki sun cika da gashi da siririyar fata, roba ce ta fi yi miki barazana. Idan sun cika da ciwon zuciya, da tarihin gudan jini, da jikin da ba zai ɗauki awa takwas a kan gado ba, doguwar tiyatar ce barazanar. Idan duka biyun sun cika, to jinkirtawa, ko barin ƙirji a shafe da amfani da nonon roba na sawa a rigar mama, zaɓi ne cikakke, ba gazawa ba. Wani abu kuma da ya kamata ya kwantar miki da hankali: bincike bai nuna cewa sake gina nono yana ƙara yiwuwar dawowar sankara ba.

*Gargaɗi:* idan kemo na jiranki bayan tiyata, ciwon da ya ƙi warkewa yana iya jinkirta shi. Wannan shi ne haɗarin da aka fi mantawa, kuma ya fi na tabo muhimmanci.

8. Ƙirga makin gudan jini

Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Bai cika faruwa ba, amma shi ne mai kisa. Ana auna haɗarinsa da ma'aunin Caprini, kuma za ki iya fara ƙirgawa: shekara 41 zuwa 60 maki 1, 61 zuwa 74 maki 2, sankara maki 2, babbar tiyatar da ta wuce minti 45 maki 2, BMI sama da 25 maki 1, kin taɓa yin gudan jini maki 3, wani a danginki na jini ya taɓa yi, shi ma maki 3. Mace mai shekara 50 da sankara, da za a yi wa babbar tiyata, ta riga ta kai 5 tun kafin a duba nauyinta, kuma daga 5 ake lissafa haɗarin da girma. Jerin ya fi haka tsawo, likita zai cike sauran. Abin da za ki tambaya shi ne: safar matse ƙafa kawai za a ba ni, ko har da allurar tsinka jini, kuma ta kwana nawa bayan sallama?

9. Na'urar lissafi ta intanet

Akwai guda biyu da aka sani: BRA Score, wadda aka yi musamman don wannan tiyatar, da kuma ta ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka mai suna NSQIP. Ana zuba shekaru, nauyi, cututtuka da irin aikin, su fitar da kashi. Ki yi amfani da su tare da likita. Sun ginu ne kan bayanan asibitocin Amurka, ta NSQIP kuma kwana 30 na farko kawai take kallo, alhali taurin tabo da lalacewar roba sai bayan watanni ko shekaru suke zuwa. Amfaninsu na gaske shi ne kwatance: a zuba bayananki da taba, a sake zubawa ba taba, ki ga bambancin da idonki.

10. Tambayi likita alƙalumansa

Mata da yawa suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar raini ne. Ba raini ba ne, kuma ƙwararren likita ya saba da shi. Irin wannan aikin guda nawa kake yi a shekara? Cikin ɗari na baya, nawa suka rasa roba ko naman da aka dasa? A wurin mace irina, da abin da ke shafin nan, me ka fi tsoro? Idan naman ya fara mutuwa da tsakar dare, wa zai gani, kuma cikin minti nawa za a buɗe ɗakin tiyata? Idan kun buɗe kuka ga fatar ba ta samun jini sosai, mece ce dabara ta biyu? Wasu asibitoci suna da na'urar da ke nuna gudun jini a fata ana cikin aiki, bayan an yi allurar wani koren rini. Ki tambaya ko suna da ita.

*Gargaɗi:* wanda ya ce miki shi bai taɓa samun matsala ba, ko dai bai yi aikin da yawa ba, ko ba ya bibiyar marasa lafiyarsa. Ki nemi ra'ayin likita na biyu.

11. Lissafin kuɗi da na lokaci

Kuskuren da aka fi yi shi ne tanadin kuɗin tiyata ɗaya. Sake gina nono ba kasafai yake ƙarewa a shiga ɗaya ba: akwai canza robar wucin gadi, gyaran siffa, cike ramuka da kitse, daidaita ɗaya nonon, gina kan nono. Ki nemi a rubuta miki abin da kuɗin farko ya ƙunsa, sannan ki yi tambayar da ba a son yi: idan aka mayar da ni ɗakin tiyata saboda matsala, wa zai biya? Ƙarin kwanakin gado fa, da sabuwar roba idan an ciro ta farko? Mai inshora ta nemi amsar a rubuce. Ki lissafa makonnin da ba za ki yi aiki ba, da wanda zai ɗauke miki ɗawainiya, da nisanki da asibitin. Wadda za ta yi doguwar tafiya don tiyata ta san tun yanzu wa zai duba ta idan ciwo ya tashi bayan ta koma gida.

12. Bayan tiyata, awon bai ƙare ba

Ga mai naman jiki, kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu zafi. Za ki ga ma'aikaciyar jinya tana zuwa kusan kowace awa, ta taɓa fatar da bayan hannu, ta danna da yatsa ta saki ta ga yadda jini ke dawowa, ta ɗora wata 'yar na'ura har a ji sautin jini yana wucewa, fuu-fuu. Kada ki ji haushin tashin da take yi miki. Naman da jininsa ya toshe ana iya ceto shi ne kawai idan an gani cikin awanni. Ya yi sanyi ya koɗe, ko ya kumbura ya yi duhu, duka biyun na gaggawa ne.

A gida, kayan aikinki ma'aunin zafin jiki ne, da wayarki, da littafin nan. Za a sallame ki da siririn tiyo mai 'yar kwalba da ke tsotse ruwa. Kullum a lokaci ɗaya ki juye, ki karanta mililita nawa, ki rubuta da launinsa. Yakan fara da ja, ya koma ruwan hoda, ya koma rawaya-rawaya, yana raguwa. Galibi ana cire shi idan ya sauka ƙasa da mililita 30 a yini. Idan ya koma ja jawur yana cika da sauri, ko ya yi kauri da wari, ko ya tsaya cak nonon kuma na kumbura, ki kira asibiti.

Ki ɗauki hoton wurin kowace safiya a haske iri ɗaya. Takardun sallama suna cewa a lura da "ja", amma a baƙar fata ja ba ya fitowa haka. Abin da za ki gani shi ne wurin ya ƙara duhu, yana sheƙi, ya ɗaure, kuma idan kika taɓa shi kika taɓa ɗaya gefen za ki ji ya fi zafi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ɓangare ɗaya ya kumbura farat ɗaya, duk ba a kwana da su. Kumburi da ciwo a ƙwauri ɗaya, ko sarƙewar numfashi, ko ciwon ƙirji, wannan ba kiran waya ba ne, sashen gaggawa ne kai tsaye.

*Gargaɗi:* fatar sabon nono ba ta ji kamar da. Kada ki gasa ta da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, kada ki ɗora ƙanƙara. Za ta ƙone ba ki sani ba.

Mai roba kuma tana da doguwar hanya a gaba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa a fili cewa robar nono ba ta har abada ba ce, kuma ta ba da shawarar a yi wa ta silikon hoton duba fashewa bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk shekara 2 zuwa 3, ko da ba a jin komai. Akwai kuma wata sankarar garkuwar jiki da ba ta cika faruwa ba, wadda aka danganta da robobi masu kaushin baya. Saboda ita aka janye samfurin Biocell na kamfanin Allergan daga kasuwa a watan Yulin 2019. Alamarta ta farko galibi kumburi ne na ruwa da ke tasowa shekaru bayan ciwo ya warke. Don haka kafin ki bar asibiti, ki karɓi katin robar mai ɗauke da sunan kamfani, da girmanta, da lambarta, da ko bayanta santsi ne ko kaushi. Ki ɗauki hotonsa a waya, ki manna shi a bangon littafin.